George Churchward: Injiniyan da ya tsara kayan gyara kafin ya ƙera jirgi

A watan Janairun 1901, a ɗakin zane na ma'aikatar jiragen ƙasa da ke garin Swindon a ƙasar Ingila, aka kammala wani zane a kan takarda guda. Kawunan jirgi shida ne a jikinta: akwai dogo mai jan fasinja da gudu, akwai mai ƙarfin jan taragun kwal, akwai gajere na zirga-zirgar unguwannin bayan gari. Kowanne da girmansa da irin aikinsa. Sai dai duk wanda ya san ƙarfe, in ya ƙura wa takardar ido, zai lura kaya 'yan kaɗan ne aka harhaɗa ta hanyoyi shida. Silinda iri ɗaya ce a jikinsu duka, tayoyin ja girma uku kacal, tukunyar tururi kuwa fasali ɗaya.

Mutumin da ya sa aka yi zanen, George Jackson Churchward, bai ma hau kujerar shugabancin sashen ba a lokacin, mataimaki ne. Amma wannan takarda ce kamfanin Great Western Railway ya yi ta bi yana ƙera jirage har kusan shekara hamsin, daga nan kuma tsarin ya ratsa sauran layukan dogo na Birtaniya.

An haifi Churchward a ranar 31 ga Janairu, 1857, a ƙauyen Stoke Gabriel da ke yankin Devon, a kudu maso yammacin Ingila, cikin gidan manoma. Ya yi makaranta a garin Totnes. A 1873, yana ɗan shekara 16, ya shiga koyon aiki a ma'aikatar kamfanin South Devon Railway da ke Newton Abbot. Layin wannan kamfani hawa ne da gangara, musamman tsakanin Newton Abbot da Plymouth, inda kan jirgin da tukunyarsa ba ta da ƙarfi yakan sare a tsakiyar tudu. A nan ya buɗe ido a sana'a, kuma ba abin mamaki ba ne da ya zamana tukunya ce ta fi cin hankalinsa duk tsawon rayuwarsa. A 1876 Great Western ya haɗiye ƙaramin kamfanin, sai aka kai saurayin Swindon ya ƙarasa koyonsa. Daga ɗakin zane, inda ya yi aiki a kan sabon birki, ya koma sashen taragu, ya zama manajansa a 1885.

Yana kan wannan muƙami kamfanin ya biya bashin wani tsohon zaɓi. Isambard Kingdom Brunel, wanda ya shimfiɗa layin tun farko, ya ba shi faɗin inci 84 da rubu'i tsakanin dogo da dogo, alhali sauran kamfanonin ƙasar suna kan inci 56 da rabi, wato faɗin layin Abuja zuwa Kaduna na yau. Faffaɗan layin ya fi gudu da kwanciyar tafiya, amma duk inda ya haɗu da na wasu dole a sauke kaya da mutane a sake lodi, kamar dai yadda taragon tsohon layin Legas zuwa Kano ba ya iya hawa sabon layi. A ranakun 21 da 22 ga Mayu, 1892, ma'aikata sama da 4,000 suka matse abin da ya rage na layin a yammacin Exeter cikin kwana biyu. Aka tara tsofaffin jirage da taragu a Swindon, sahu bayan sahu, mafi yawansu suna jiran a sassare su. Waɗanda suka tsira su ne waɗanda tun wajen ƙira aka yi musu jiki daban, tayoyi daban, yadda za a ɗaga jikin a zare faffaɗan tayoyin a tura matsattsu. Na taragun fasinja a cikin wannan aiki a sashen Churchward ya faɗo, ya kuwa ga da idonsa bambancin abin da aka ƙera don a iya musanya sassansa da abin da aka ƙera shi kaɗai.

A 1896 ya zama manajan ma'aikatar kawunan jirgi, a shekara ta gaba kuma babban mataimakin William Dean, shugaban sashen. Dean ya tsufa, tunaninsa ya soma rauni. Kamfanin bai tozarta shi ba: aka bar masa kujera da girmansa, Churchward kuma ya riƙa gudanar da aiki a bayansa har Dean ya yi ritaya a watan Yunin 1902. Ana cikin haka, a 1900, aka naɗa Churchward magajin garin Swindon na farko.

Abin da ya gada tarin jirage ne na zamani daban-daban da ma'aikatu daban-daban, wasu ma na kamfanonin da aka haɗiye ne, kowanne da nasa ma'aunin. Duk wanda ya taɓa aiki a sashen sufuri ko na sayen kaya a wata ma'aikatar gwamnati ya san wannan ciwo: motoci cike da harabar ofis, kowace daga kamfani dabam, rabinsu a kan duwatsu suna jiran wani ɗan ƙarfe da ba zai shiga ta kusa da ita ba. A layin dogo abin ya fi muni, domin kan jirgin da ke kwance a ma'aikata kuɗi ne masu yawa da ba sa kawo ko kwabo, ga albashin kanikawa, ga sito maƙil da kayan da kowanne jirgi ɗaya kawai yake yi wa amfani. A lokaci guda kuma taragun fasinja suna ƙara nauyi, kwal ɗin Kudancin Wales yana ƙara yawa.

Al'adar injiniyoyin zamanin ita ce a dubi aiki, a zana masa jirgi, sa'annan a ƙera kayan da jirgin ke bukata. Churchward ya juya abin. Ya fara da tambayar sassa nawa ne mafi ƙaranci da za su ishi dukkan ayyukan layin, ya tsayar da su, sa'annan ya harhaɗa jiragen daga cikinsu.

Silinda ya fara tsayarwa: faɗin inci 18, fistin kuma yana tafiyar inci 30, tsawon da ba a saba gani ba a Birtaniya. Ya fito da silindun waje, gefe da gefe, inda makaniki zai kai hannu ba sai ya shiga ƙarƙashin jirgi ba. Dabarar zubinsu daga Amurka ya ɗauko ta: kowace silinda ana zuba ta haɗe da rabin sirdin da gaban tukunya ke zama a kai, kuma ta hagu da ta dama kamarsu ɗaya sak, sai a haɗa su baya da baya a ɗaure da kusoshi. Mazubi ɗaya ke nan ya isa, a sito ma ba a bukatar ajiye ta dama daban da ta hagu daban. Ya kuma tsawaita tafiyar bawul ɗin da ke shigar da tururi yana fitar da shi, abin da ya sa jiragensa suke shaƙa da fesarwa cikin sauƙi komai gudu, suna kuma cin kwal kaɗan. Mafi yawan sauran kamfanonin ƙasar sun shafe fiye da shekara ashirin kafin su gane cewa a wannan ɗan wuri babban sirrin yake.

Tayoyin ja ya taƙaita su zuwa girma uku. Inci 80 da rabi na masu gudu ne, domin babbar taya tana cin ƙasa mai yawa a juyi ɗaya. Inci 55 da rabi na masu jan kaya ne, waɗanda ƙarfi ake nema a wurinsu. Inci 68 kuwa na tsaka-tsaki, masu yin kowane aiki.

A kan tukunya ya fi daɗewa. Shekaru ya yi yana gwaji a kan jiragen Dean, yana sauya fasali kaɗan-kaɗan, har ya tsaya a kan tukunya mai kauri ta wajen murhu, inda zafi ya fi yawa, tana tsukewa ta gaba, da murhu mai shimfiɗaɗɗen sama irin wanda injiniyan Beljiyam Alfred Belpaire ya ƙirƙiro. Ya so tukunya ɗaya ta ishi kowa, amma nauyi ya hana, sai ya koma ga 'yan kaɗan masu lamba. Mai lamba 1 ita ce babba. Mai lamba 2 gajera ce siririya, ta jiragen da ke goye da ruwansu da kwal a jikinsu. Mai lamba 4 kuwa ta ɗauki tsawon ta biyun da kaurin ta ɗayan, don haka kayan aikin da ake lanƙwasa farantan ƙarfe da su ba su ƙaru ba.

Amfanin wannan a ranar babban gyara yake bayyana. Tukunya ce ta fi komai cin lokaci a gyaran kan jirgi, saboda bututu da ɗaruruwan kusoshin da wuta da ruwa ke ci. A da, jirgi yakan zauna har a gama da tukunyarsa, domin ba wadda za ta shige shi sai ita. A tsarin Churchward, sai a ɗaga tsohuwar a ajiye gefe, a ɗauko wata gyararriya mai lamba ɗaya da ita a ɗora, jirgi ya koma bakin aiki. Tukunyar da ta yi bara tana jan fasinja zuwa Plymouth tana iya wayar gari bana tana jan kwal daga Wales.

Bai yi gaggawa ba. Ya ƙera na gwaji ɗaya-ɗaya: mai lamba 100 a 1902, sai 98 da 97 da 99 a 1903, ya sake su a kan layi suka yi aiki kafin ya ba da umarnin a ƙera da yawa. Mai lamba 97 shi ne kan jirgi na farko a Birtaniya mai ƙananan tayoyi biyu a gaba da tayoyin ja takwas. A 1904 ya gina wurin gwaji a cikin ma'aikata, inda jirgi zai yi gudu a kan wasu tayoyi yana tsaye wuri ɗaya ana auna shi. Wani abin da ya yi, wanda girman kai kan hana manya da yawa, shi ne ya shawo kan kamfanin ya sayo jirgi daga Faransa, ƙirar Alfred de Glehn, wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa a Turai. Aka kawo La France a 1903, wasu biyu kuma a 1905. Don gwajin ya yi adalci, ya sauya tsarin tayoyin nasa jirgin, Albion, ya koma irin na Bafaranshen, ya kuma ba tukunyarsa matsin tururi na laba 225 a kan kowane murabba'in inci. Sakamakon bai nuna na Faransa ya fi nasa tattalin kwal ta yadda zai biya wahalar kula da shi ba. Amma ya lura jirgi mai silinda huɗu ya fi santsin tafiya, ya ɗauki wannan ya ƙera North Star a 1906, wanda ya zama uban jiragen da ake kira Star. Su ma tukunya mai lamba 1 da manyan tayoyin nan aka ɗora musu.

Jama'ar gari sun fi sanin ranar 9 ga Mayu, 1904, lokacin da wani mai auna gudun jirage, Charles Rous-Marten, ya ce City of Truro ya kai mil 102.3 a awa ɗaya, maganar da har yau masana ke gardama a kanta. Ga wanda ke riƙe da littafin kuɗin kamfani kuwa, abin da ya faru a watan Fabrairun 1906 ya fi muhimmanci: kan jirgi mai lamba 2808, ɗaya daga cikin 'ya'yan mai lamba 97, ya ja taragu 107 masu nauyin tan 2,012 daga Swindon zuwa Acton a gefen Landan.

Duk da haka bai sha da daɗi a hannun daraktoci ba. Jiragensa suna da tsada wajen ƙira, domin sassan da za su shiga kowane jirgi ba tare da an goga ko an daka ba sai an yi su da ma'auni mai tsauri da ƙarfe mai kyau. Ana ba da labarin cewa an taɓa tambayarsa dalilin da ya sa kamfanin London and North Western ke ƙera jirage uku da kuɗin da shi yake ƙera biyu, ya amsa a fusace, har da ɗan zagi, cewa nasa ɗaya zai ja nasu biyu da baya. A 1910 kamfanonin biyu suka yi musayar jirage don gwaji. Polar Star na Churchward ya yi aikin layin abokan hamayyar cikin sauƙi, nasu kuwa ya kasa riƙe lokaci a layin yamma. Tambayar daraktocin dai tana da hujja, aikinsu ne su yi ta. Kuskurensu shi ne duba farashin ranar saye kaɗai, alhali ribar wannan tsari a shekarun gyara take taruwa, inda ba ta fitowa a takardar kwangila.

Babbar shaidar tsarin ta zo a 1911, shekarar da jirgin ƙasa ya fara isa Kano. Wani matashin mai zane a Swindon, Harold Holcroft, ya ziyarci Kanada a 1909, ya ga yadda ake mora wani matsakaicin jirgi mai tayoyin ja shida a kowane irin aiki. Churchward ya umarce shi ya zana irinsa da tayoyin inci 68 da tukunya mai lamba 4, ya kuma cusa duk wani sashe da ake da shi a sito. Wannan jirgi ba ya cikin takardar 1901, amma tun da kusan kowane sashensa ya riga ya yi shekaru yana aiki a jikin wasu, ba a tsaya ƙera na gwaji ba, guda ashirin aka fara da su kai tsaye. Zuwa 1932 an ƙera 342. Goma sha ɗaya daga cikinsu sun ƙetara Faransa a Yaƙin Duniya na Ɗaya suna jan kayan soja.

Tsarin yana da iyakarsa, Churchward kuma ya ci karo da ita ta ƙasa da ta sama. Jiragen da ake kira County, na 1904, an ɗora musu silindun nan masu doguwar tafiya a kan gajeren jiki mai tayoyin ja huɗu kacal. Ƙarfin ya fi jikin, suka riƙa jijjiga direbobi suna dukan dogo, kuma zuwa 1933 an sauke su duka, tun kafin wasu tsofaffin da suka girme su. Ƙananan layukan ƙauye ma ba su iya ɗaukar manyan sassan ba, dole aka yi musu ƙaramar tukunya da ƙaramar silinda nasu. Ta sama kuwa akwai The Great Bear na 1908, ƙaton jirgi guda ɗaya tilo da aka yi wa tukunyarsa ta musamman. Nauyinsa ya tsare shi a layin Landan zuwa Bristol, bai kuma taɓa nuna ya fi Star ba, har aka warware shi a 1924 aka mayar da shi wani iri. An ce Churchward, wanda ya riga ya yi ritaya a lokacin, ya ji zafin hakan ƙwarai.

Mutum ne mai kaushin harshe, amma mai sauraro. Ya saba zama a gefen teburin mai zane, ya kira wanda zai zuba ƙarfen da wanda zai ɗaura shi, a tattauna har sai kowa ya faɗi inda abin zai ba shi wahala. Bai taɓa aure ba. Abin da yake so bayan aiki shi ne kamun kifi da farauta, irin na ɗan ƙauyen da bai manta gida ba. A 1916 aka sauya sunan muƙaminsa zuwa babban injiniyan kamfani, a 1920 garin Swindon ya karrama shi, a ƙarshen 1921 kuma ya ajiye aiki.

Magajinsa, Charles Collett, bai kauce daga takardar ba. Castle na 1923 faɗaɗa Star ne. A 1924 ya ɗauki ɗaya daga cikin jiragen fasinja masu silinda biyu, waɗanda ake kira Saint, ya rage masa girman taya zuwa inci 72, daga nan aka sami irin da ake kira Hall. Na ƙarshe cikin shidan nan na 1901, mai tayoyin ja shida na inci 68 da babbar tukunya, sai a 1936 aka ƙera shi da sunan Grange, kuma da tayoyi da wasu sassan da aka ciro daga tsofaffin jiragen Holcroft aka haɗa shi. William Stanier, wanda ya tashi a Swindon a ƙarƙashin Churchward, ya koma kamfanin London, Midland and Scottish a 1932 da tukunya mai tsukewa da doguwar tafiyar bawul a kansa, ya tsara wani irin jirgi da shi kaɗai aka ƙera guda 842. Da gwamnati ta karɓe layukan dogo a 1948, ita ma jerin jirage masu musayar sassa ta tsara, iri 12, guda 999. Na ƙarshensu, Evening Star, a Swindon aka ƙera shi a 1960.

Churchward bai ga mafi yawan wannan ba. Kamfanin ya bar masa gidan da yake zaune, Newburn, wanda ke daf da babban layin, kuma ko bayan ritaya bai daina sa ido a kan dogon ba. Da safiyar Talata, 19 ga Disamba, 1933, gari ya yi hazo, ya fito ya hau layin don ya duba wani katakon ƙarƙashin dogo da yake zargin ya saki. Shekararsa 76, ji da gani duk sun ragu. Jirgin fasinja da ya taso daga tashar Paddington ta Landan zuwa Fishguard ya buge shi, ya mutu nan take. Kan jirgin da ke jan sa, Berkeley Castle, jikan Star ɗinsa ne. An binne shi a harabar cocin Christ Church da ke tsohon garin Swindon.

Masu jan kwal ɗinsa sun ci gaba da aiki har 1965, wasunsu sun haura shekara hamsin a kan layi. Jiragen Saint kuwa, su 77, an sassare na ƙarshensu a 1953, ba a bar ko ɗaya ba. Shekaru bayan haka, ƙungiyar Great Western Society da ke Didcot ta sayi wani tsohon Hall daga wurin 'yan gwangwan, ta bi aikin Collett da baya: ta riƙe tukunyarsa mai lamba 1, ta sa aka zuba masa sababbin silindu da tayoyin inci 80 da rabi bisa tsofaffin ma'aunan Swindon. A 2019 jirgin ya tashi da tururinsa a matsayin Saint, mai lamba 2999, da sunan Lady of Legend.